Wankin Inji

Anti Ashana ta kama guntun robar da awartaki, ta kara shi a harshen wutar gas, tana ƙirgawa a fili. Da ta kai goma sai ta janye. Robar ta yi baƙi ƙirin, ta ɗan tayar da hayaƙi, 'yar wutar da ta kama gefenta ta yi rawa sau biyu ta mutu da kanta.

"Ka gani ko? Wannan namu ne, na jiya da rana."

Dogo ya gyaɗa kai. Shekararsa goma sha huɗu a kan injin da ke zuba kwanson soket a kamfanin, irin soket ɗin nan mai baki huɗu da doguwar waya, amma bai taɓa taka ɗakin gwaji ba sai yau da ta aika a kira shi. Aikinta ke nan kullum safiya, ta ƙona samfuri don a tabbatar robarsu ba ta cin wuta. Daga nan ma'aikata suka laƙaba mata sunan. Ta yi faɗan har ta gaji, yanzu amsawa take yi.

Ta zaro wani guntun daga cikin leda. Shuɗi ne, gefe ɗaya ya narke ya dunƙule, ɗaya gefen kuwa sai sheƙi yake yi. Ta shimfiɗa auduga a ƙasa, ta kara masa wutar. Ko biyar ba ta ƙirga ba ya kama, fuu! Ta janye gas ɗin, wutar ba ta ma san an yi ba. Sai robar ta fara ɗiga, kowane ɗigo da wutarsa, ɗis, ɗis, audugar ta tashi gaba ɗaya. Anti Ashana ta kifa mata kwano.

"Wannan daga ɗakin direbanmu aka tsinto shi," ta ce, ta rage murya. "Shekara biyu suna amfani da shi. Jiya da yamma matarsa ta jona dutsen guga, ta fita kwashe shanya. Kafin ta dawo katifa ta kama. Tana asibiti yanzu, hannu biyu duk sun saɓule. Allah ya taimaka yaran ba sa gida. Ga tambarinmu a jiki, amma babu ko ƙwayar gari a cikinsa. Dogo, daga ina wannan ya fito?"

Ya sani. Wallahi tun kafin ta rufe baki ya sani.

Garin da take magana a kai wani farin gari ne da ake cuɗawa da tsabar roba kafin a zuba a inji, shi ke hana kwanson ci da wuta. Yana da tsada, yana kuma disashe launi, shi ya sa kayan kamfanin kullum dushi-dushi suke fitowa. To duk ranar da za a canja launi, daga fari zuwa shuɗi ko daga shuɗi zuwa baƙi, sai an ɗauraye cikin inji da tsabar roba zalla, babu gari. Wankin inji suke ce masa. Guda ashirin ko talatin da suka faɗo a lokacin, doka ta ce a watsa su injin niƙa. Amma kai, zo ka ga kyau! Sumul-sumul, suna ɗaukar ido. Wa zai niƙa wannan? Sai kowa ya soke ɗaya a aljihu, ya kai wa masu haɗa wayar wuta su sa masa ƙarafan ciki, ya tafi da shi gida. Shekara da shekaru ana yi. Ba wanda ya ɗauke shi sata, ba kuma wanda ya taɓa tambayar kansa dalilin sheƙin.

"Wankin inji ne," in ji Dogo. "Amma Anti, ai ba roba ke kawo wuta ba, waya ce."

"Waya ke kawowa, roba ke karɓa. In aka yi wa soket lodi, ƙarfen ciki ya ɗauki zafi, namu baƙi zai yi, ya yi wari, mutum ya ji ya zo ya kashe. Wannan kuwa fetur ne daskararre. Guda nawa ka fitar?"

"Biyu. Ɗaya a gida. Ɗaya wajen Likita."

Likita 'yarsa ce ta fari, tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya, tafiyar awa uku a mota. Tun tana ƙarama tana ɗaure wa kaji ƙafa da tsumma ya sa mata sunan, ya kuma bi ta. Babu wanda bai san ta ba a kamfanin, don Dogo ba ya iya cin abincin rana bai sako zancenta ba.

Anti Ashana ta kashe gas ɗin. "Sai gobe zan kai rahoto sama. Tafi. In shugaban sashe ya tambaya zan ce cikinka ne ya ɓaci, ai ba ƙarya na yi ba."

Tun a bakin ƙofar kamfani ya kira matarsa.

"Maman Likita, je ki cire soket ɗin bayan talabijin. Yanzu, ina kan layi. Ki fitar da shi tsakar gida."

"Lafiya? Ni da nake wanki, hannuna duk kumfa..."

"Ki cire na ce!"

Bai taɓa yi mata tsawa irin wannan ba. Ya ji ƙarar takalminta, ya ji ta ja kujera, ta ce ta cire. Ya yi mata bayani a gurguje. Ta ce, "Na shiga uku. Na wajen yarinyar nan fa?"

"Can na nufa."

Ya kira Likita, waya a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya san dalili: in suna asibiti wajen koyon aiki ba a barin su da waya sai sun tashi. Sani ɗin bai hana shi ci gaba da dannawa ba har ya isa tasha.

A tasha motar ta kusa cika, saura mutum huɗu, direba na kwance a benci hula a fuska. Dogo ya zauna a ciki minti biyar, ya kasa. Ya fito ya tsaya a bakin titi, mutum mai furfura da rigar aiki, yana ɗaga hannu yana ihu, "Saura huɗu! Saura huɗu mu tashi!" Ya tari wata tsohuwa ya karɓe mata buhu tun kafin ta ce ga inda za ta. Direba ya ɗaga hular ya dube shi.

"Yallaɓai, in aikin kake so ka faɗa, sai mu raba."

Fasinjoji suka yi dariya. Dogo bai ma ji abin da aka ce ba. Sai ƙarfe ɗaya saura suka tashi.

A hanya ɗakin kwanan ne kawai a idonsa. Sau ɗaya ya taɓa shiga, ranar da ya kai ta, don ranar kaɗai ake barin maza su haura. Gado takwas, sama da ƙasa, katifun soso, gidan sauro rataye a kan kowanne, kayan sawa a igiya daga bango zuwa bango. Taga biyu, duk an dasa musu ƙarafa. Bene hawa uku, matakala ɗaya. A ranar har ya yaba da ƙarafan, ya ce wa matarsa ba ɓarawon da zai shiga.

Wata biyar da suka wuce ta ce masa a waya, "Baba, mu takwas soket ɗaya a bango, har gaba ake yi a kan caji." Ya ce ta bar masa. Bai ɗauko na fari ba, bai ɗauko na baƙi ba, sai da ya jira ranar shuɗi don ya san launin da take so ke nan. Ya juya kwanso talatin ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin fitila, ya zaɓi wanda ya fi kowanne sheƙi. Da hannunsa ya zaɓa. Abin da ke cin ransa ke nan, ya ji kamar ya sa kai a gwiwa ya yi kuka a cikin mutane.

Wani abu kuma ya sani: ɗakunan kwanan ba sa samun wuta da rana. Ƙarfe biyar ake kunna janareto, ta sha faɗa masa. Ya duba agogo, ya sake dubawa. A wani ƙauye taya ta yi faci, aka ɓata rabin awa, shi ne ya riƙe jak, shi ne ya murɗa noti.

Huɗu da kwata ya sauka a ƙofar makarantar. Maigadi, wani gajere mai sanda, ya ce ranar ziyara Lahadi ce.

"Ba ziyara na zo ba. Magana ce ta rai da mutuwa."

"Kowa haka yake cewa. Jiya wani ya ce mini rasuwa aka yi, ashe turare ya kawo."

"Dubi furfurata, ɗan'uwa. Na yi kama da mai kawo turare? 'Yata ce. Don girman Allah."

Maigadi ya dubi rigar aikin, ya dubi baƙin man da ke hannunsa, ya buɗe ƙaramar ƙofa. Ya nuna masa wata bishiya a gaban benen, da wani farin layi da aka ja da fenti a ƙasa. "Nan maza ke tsayawa. Ka tsallake, ni za a kora."

Ɗalibai na dawowa daga asibiti rukuni-rukuni cikin fararen kaya. Can ya hango ta, tana tafe tana dariya da wata. Da ta gan shi ta rugo.

"Baba! Lafiya? Mama ce?"

"Mamanki lau. Soket ɗin da na kawo miki, je ki ɗauko mini shi yanzu."

Ta waiga da sauri, ta ja hannunsa bayan bishiya. "Baba, a hankali mana. Haramun ne a nan, ka manta?" Sai ta yi dariya. "Wai soket ya taso ka tun daga gida? Kamfani ne suka ce a dawo musu da kayansu?"

Ya faɗa mata komai, garin, wankin injin, matar direba da hannuwanta. Dariyar ta ɗauke, amma bai ga tsoron da yake so ya gani a fuskarta ba.

"To, Allah ya ba ta lafiya. Zan ɗauko, amma sai shida. Ba ya wajena yau. Karɓa-karɓa muke yi da ɗakin sama, yau na ƙawata ne. Tana asibiti har shida, makullin yana wajenta, sauran 'yan ɗakin duk suna tare."

"An jona wani abu a jiki?"

Ta sunkuyar da kai. "Hita."

"Hita!"

"Kowa haka yake yi, Baba. Ka sa hita a bokiti, ka jona, ka kunna, ka kulle ɗaki ka tafi. In an kawo wuta biyar, kafin ka dawo ruwan wanka ya yi zafi."

"A ina ake ajiye soket ɗin?"

"Ƙarƙashin katifa. Saboda masu bincike, ta taga suke leƙe."

Hita, lodin da ya fi kowanne, awa guda cur, a ƙarƙashin soso, a ɗaki kulle. Ya tambaye ta ko akwai mutane a benen. Ta ce waɗanda suka yi aikin kwana suna sama suna barci, za su kai talatin. Ya duba agogo: biyar saura minti ashirin da biyar.

"Ki kira ƙawar."

"Wayarta na kashe, ba su tashi ba."

"Asibitin fa?"

"Minti ashirin zuwa, ashirin dawowa. Kuma ba za a sake ta ba."

"Mai janareto. A ce ya dakata."

"Ba ya jin maganar kowa sai ta Mai Makulli."

"Wace ce Mai Makulli?"

Nan ne ta gane inda ya dosa, idonta ya fito. Mai Makulli ita ce matar da ke kula da ɗakunan kwanan, mai tarin makullai a ƙugu, ita ke da safayar kowane ɗaki.

"A'a, Baba. A'a. In ta buɗe ɗakin nan ta ga hita da soket, kora ce daga ɗakin kwana, kuma ba ma zama jarrabawa, ni da ƙawata. Saura kwana tara jarrabawar ƙarshe. Sai baɗi, Baba. Shekara guda!"

"Likita..."

"Wata biyar muna amfani da shi, ko ɗumi bai taɓa yi ba. Kullum fa! Awa ɗaya kawai za ka jira. Na rantse shida na yi zan kawo maka shi da hannuna, ka farfasa shi a gabana."

"Matar direba shekara biyu tana amfani da nata."

"Wannan ƙaddararta ce!"

Ya dube ta. Gaskiya take faɗa, wata biyar ba abin da ya faru, wataƙila yau ma ba abin da zai faru. Ya san daren da ta raba tana karatu, ya san yadda uwarta ta riga ta sayi yadin da za ta ɗinka na ranar yaye su. Ya ɗaga kai ya dubi tagogin hawa na uku da ƙarafansu, an zuge labule, mutane na barci a ciki. Tausayinta ya kama shi, amma ya kasa tsayawa.

"Ina ofishinta?"

Ta riƙe hannun rigarsa da hannu biyu. "Baba, don Allah, don Annabi. Kada ka yi mini haka. Ban taɓa roƙonka komai ba irin wannan."

Ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Bai iya kallon fuskarta ba.

Ofishin yana ƙasan benen, ƙofarsa na kallon waje, taku goma bayan farin layin. Ya tsallake. Maigadi ya ƙwalla masa kira, bai waiga ba. Mai Makulli na zaune tana shan shayi, dattijuwa mai tabarau, ta ɗago a fusace.

"Wa ya ba ka izinin..."

Ya durƙusa a bakin ƙofa. Rabonsa da durƙusa wa wani tun mahaifinsa na da rai.

"Ranki ya daɗe, ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama daga baya. Akwai soket a ɗaki na sama, an jona hita, yana ƙarƙashin katifa. Robar jikinsa mai cin wuta ce. Ni na yi shi, ni na kawo shi, laifina ne ni kaɗai. Yaran ba su san komai ba. Ki sa a dakatar da janareto, ko ki buɗe ɗakin kafin biyar."

Ta ajiye kofin a hankali. "Ɗaki mai lamba nawa?"

Bai sani ba. Ya juya. Likita na tsaye a bayansa, hawaye ya jiƙa gaban farar rigarta.

"Ke nake jira," in ji Mai Makulli.

"Ashirin da uku," ta ce, da ƙyar aka ji.

Mai Makulli ta kira mai janareto a waya, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Ta ja tsaki, ta miƙe, ta ce Dogo ya koma bayan layi in ba so yake ta kira masa 'yan sanda ba. Ta kama ƙarfen matakala ta fara hawa. Gwiwa ce da ita, taku ɗaya sai ta huta. Wayyo, da za a bar shi da ya goya ta ya haura da gudu!

Ya koma gindin bishiya. Biyar saura uku. Saura biyu. Ta bayan ginin janareto ya yi tari, ya yi tari, ya kama. Fitilun baranda suka kawo gaba ɗaya, wasu ɗalibai suka yi shewa. Dogo ya kafe tagogin hawa na uku da ido, bai san wace ce ta ashirin da uku ba, sai ya riƙa bin su duka, daga wannan ƙarshen zuwa wancan, yana neman hayaƙi. Bakinsa na motsi, shi kansa bai san addu'ar da yake karantawa ba. Minti ɗaya, minti biyar, minti takwas. Gumi ya jiƙe masa baya sharkaf.

Sai ga ta tana saukowa, hita a hannu ɗaya, shuɗin soket na reto a ɗayan. Ɗalibai suka taru a baranda, aka yi tsit. Ta zo har bakin layin ta miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya shafa, ya juya, ya kai hanci. Sanyi ƙalau, ko tabo babu.

"Makunnin bango a kashe yake," in ji Mai Makulli. "Ƙawar tata ta jona komai, ta manta ba ta kunna ba. Da kun kwana a nan ma ba abin da zai faru yau." Ta juya ga Likita. "Amma ni na gani da idona, gaban kowa, ba yadda zan yi. Je ki haɗa kayanki. Ita ma in ta dawo ta same ni. Gobe takardarku za ta fito."

"Ranki ya daɗe, na ce laifina ne..."

"Na ji, Baba. Ba kai ke zama jarrabawa ba."

Likita ta tako ta tsaya a gabansa. Ta daina kukan, muryarta ta bushe.

"Ka ji ko? Ba a ma kunna ba, Baba."

Ya buɗe baki don ya ba ta haƙuri. Kalmar na kan harshensa, ya shirya ta tun yana durƙushe. Amma da ya dube ta tsaye a gabansa, fuska lau, hannuwa lau, ga benen a bayanta da labulensa a zuge, abin da ya kuɓuce masa daban ne, da ƙarfi kuma, har na baranda suka ji.

"Alhamdu lillahi."

Ta yi masa wani kallo da ba ta taɓa yi masa ba, ta juya ta haura.

Rabin awa ta ɗauka. Ta fito da akwati da bokiti da littattafai ɗaure da igiya, ta cire fararen kayan ta sa na gida. Ya miƙa hannu zai karɓi akwatin, ta janye shi gefe. Ya ce bari ya riƙe mata littattafan, ta ƙara ƙanƙame su. Maigadi ya buɗe musu ƙaramar ƙofa.

Ta yi gaba, tayar akwatin na ƙara a kan tsakuwa, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Ya bi ta a baya, taku biyar tsakaninsu, yana kallon ƙeyarta, har suka kai titi bai ƙoshi da kallon ba.